Yadda ake zaɓar ƙarfin wutar da za a ba injin stefa

Injin stefa inji ne na lantarki da ke juyawa taki-taki, kuma da bolt ake auna ƙarfin wutar da ake ba shi. Da farko, a duba takardar bayanan injin a fitar da abu uku: ampiyar (ma'aunin kwararar wuta) da kowane koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin, ke ɗauka, turjiyarsa ga wuta, wadda ake aunawa da om, da indoktans ɗinsa (yadda yake jinkirta canjin kwararar wuta), wanda ake aunawa da milihenri. Bolt ɗin da aka rubuta a jikin injin ampiya ce kawai aka ninka da om, shi ya sa inji mai ampiya 1.5 da om 2 yake nuna bolt 3. Wannan adadin ne yake ruɗar masu koyo, domin suna zaton ba za a taɓa wuce shi ba.

Sai a tantance irin direban, wato ƙaramar na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga injin. Idan ba ya taƙaita kwararar wuta, kamar ULN2003 da ake haɗawa da ƙaramin injin 28BYJ-48 mai bolt 5, to dole a tsaya a kan abin da aka rubuta, in ba haka ba koyil zai ƙone. Direba mai datse wuta kuwa, irin A4988 ko DRV8825, yana kunnawa da kashewa cikin sauri domin ya riƙe ampiyar da aka saita masa, saboda haka ana iya ba shi ninkin-ba-ninkin wancan adadi. Amfanin hakan a wajen gudu yake bayyana, domin indoktans yana jinkirta shigar wuta cikin koyil, kuma idan bolt ya yi kaɗan, taki na gaba zai iso kafin koyil ya cika, sai injin ya rasa ƙarfi, ya fara tsallake taki yana gurnani.

Daga nan a lissafa iyaka ta sama. Ƙa'idar da masu haɗa injina suka saba bi ita ce a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da milihenrin, sannan a ninka ta da 32. Milihenri 4 zai ba da bolt 64, kuma wuce nan zafi kawai yake jawowa.

Sai dai sau da yawa direba ne ke yanke hukunci, tunda A4988 ba ya wuce bolt 35, DRV8825 kuma 45. Kada a matsa kusa da iyakar, domin inji mai rage gudu yana mayar da wuta baya, ƙarfin ya yi tsalle. Shi ya sa bolt 24 ya fi dacewa da yawancin injinan stefa masu girman da ake kira NEMA 17, ko da yake 12 ma ya isa idan aikin ba na sauri ba ne.

Kafin a kunna, a sanya kafasita (ƙaramar na'ura mai adana wuta) mai mikrofarad 100 dab da mashigar wutar direban, a saita iyakar ampiya, kuma kada a zare wayar inji alhali wuta na kunne, domin hakan na iya kashe direban nan take.