Yadda zaka je tafki neman tsuntsun taɓo wanda ba a cika gani ba, kuma ka gan shi

Maganar madubin hangen nesa ba zan ja ta ba, ka nemi mai lamba 8x42 kawai, wato mai kusanto da abu sau takwas. Masu 10x42 mai kusantowa sau goma za su ce nasu ya fi, amma hannu na rawa da shi, kuma ba sai mai tsada ba, na hannu ma ya wadatar indai gilashin bai da hazo.

Kafin ka fita ka fara tambayar yanayin ruwan. Tsuntsayen nan masu dogayen ƙafa da dogon baki taɓo suke bi, nan suke zaƙulo tsutsa da ƙananan ƙwari, to in tafki ya cika maƙil har cikin ciyawa ka yi zamanka a gida. Lokacin da ruwa ya fara ja baya ya bar laka a fili shine lokacin. Ka leƙa eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke rubuta abin da suka gani, ka ga ko wani ya ga tsuntsun da kake nema kwanan nan da kuma wane gefe.

Yanzu ga inda kowa ke ɓata tafiyarsa, har da ni. Ranar da na fara zuwa na iso da sassafe, na hango garke a taɓo sai zumuɗi ya ɗebe ni na miƙe tsaye ƙyam na nufe su, ga rana a fuskata duk sun zama baƙaƙen inuwa ba launi ba komai, ban yi taku ashirin ba zakaran ƙeƙuwa ya kwarma ihu, fuuu gaba ɗaya suka tashi suka sauka can tsallaken da ko hanya babu. Awa uku na zauna ba su dawo ba. Saboda haka rana ta zama a bayanka, da safe ka tsaya gefen gabas, da yamma gefen yamma, ko da zagaye mai nisa zaka yi. Kar ka tsaya kan tudu sama na bayanka. Ka tafi a karkace a duƙe, kana yi kana tsayawa, da ka ga sun daina ci sun ɗaga kai to ka isa iyaka, zauna nan. In ka yi shiru kamar kututture su da kansu zasu matso suna kiwo.

Kuma ba don kai kaɗai ake wannan ba. A 2022 wani ɗan irin su da aka maƙala wa na'ura ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai Tasmaniya ta Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Mai irin wannan tafiya kitse yake tarawa, duk tashin da ka sa shi asara ce.

Sai dubawa. Kar ka share garke da madubi sau ɗaya ka ce babu. Ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, ka sake. In ba lokacin yin ƙwai ba kusan duk launin toka ne da ƙasa-ƙasa, don haka baki zaka duba, ya fi kan tsuntsun tsawo ko bai kai ba, a miƙe yake ko ya lanƙwasa ƙasa ko sama. Launin ƙafa kar ka yarda da shi sosai, laka na rufe shi. Yadda yake ci ma shaida ne, wani gudu yake ya tsaya ya cafka, wani caka baki yake kamar keken ɗinki.

In ka gan shi ɗauki hoto ko mara kyau ne, kara waya a bakin madubi ya isa. Akwai wani tsuntsun taɓo mai siririn baki lanƙwasasshe da ganin ƙarshe da aka tabbatar shine a Merja Zerga ta Maroko a 1995, duk waɗanda suka ce sun gan shi daga baya hujjarsu ba ta gamsar ba. Rubuta lokaci da wuri, sannan ka ja da baya a duƙe yadda ka zo.