Idan Manhaja Ta Ƙi Haɗuwa a FreeBSD Ports

A shagona da ke Farin Gada, nan Jos, akwai wata tsohuwar kwamfuta da na ɗora wa FreeBSD, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta irin Linux. Daga /usr/ports, inda Ports ke ajiye umarnin gina kowace manhaja daga rubutunta na asali, nake harhaɗa manhajojinta, don in zaɓi abin da zai shiga da wanda ba na so. Sau da yawa aiki kan cije, sai ka ga "Error code 1" a ƙasan allo.

Wannan layin ba ya gaya maka komai. Kuskuren farko shi ne uwa, sauran duk 'ya'yansa ne. Saboda haka kafin ka buga `make`, fara da `script aiki.log` don a adana duk abin da ya wuce, daga baya ka nemi kalmar `error:` ta farko da `grep`. In saƙonnin sun cakuɗe, ayyuka ne da yawa ke gudu lokaci guda; `make MAKE_JOBS_UNSAFE=yes` zai sa su bi ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ka gane a wane mataki aka tsaya. A wurinmu an fi tsayawa tun wajen saukewa: a ɗauke wuta ko data ta ƙare, fayil ya zo rabi, a ce "Checksum mismatch". Don Allah kada ka buga `make makesum`. Wannan umarnin sake rubuta distinfo, fayil ɗin da ke riƙe da lambar tantance abin da aka sauke, yake yi don ya dace da lalataccen fayil ɗinka, wato ka sallami mai gadi ne saboda ya hana ɓarawo shiga. Goge fayil ɗin daga /usr/ports/distfiles, ko ka yi `make distclean`, ka sake saukewa.

In kuwa "Killed" ka gani kana haɗa wani ƙato kamar Rust ko LLVM, ƙwaƙwalwar na'urar ce ta cika. Ƙara swap, wato wurin da na'ura ke aro a faifai idan ƙwaƙwalwa ta cika.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne tsohon rubutun C. A Clang 16 na asali, manhajar da ke harhaɗa rubutun C, idan an kira aikin da ba a gabatar da shi ba, abin da a da gargaɗi ne ya koma kuskure. Galibi layin `#include` guda ne ya ɓace. Shiga cikin work, jakar da ake buɗe rubutun manhajar a ciki, kwafi fayil ɗin da ke da kuskuren da ƙarin `.orig` a sunansa, gyara ainihin, sannan ka yi `make makepatch`. Facin, wato gyaran da ka yi, zai sauka a jakar files, kuma `make clean` ba zai share shi ba. Ni da kaina na taɓa yin gyara a work kawai, washegari na share shi da hannuna.

Ka riƙa leƙa /usr/ports/UPDATING duk lokacin da ka sabunta da git, can ake sanar da canje-canjen da ke karya abubuwa. In facinka ya yi aiki, `make maintainer` zai nuna maka mai kula da manhajar. Tura masa ta Bugzilla na FreeBSD, shafin kai rahoton matsaloli, ka haɗa da aiki.log da abin da `uname -a` ya fitar.