Yadda za ku ceci kyanwa idan mugunya ta taru a mahaifarta

Makonni uku bayan kyanwata ta gama kukan neman muzuru, ta daina kusantar kwanon abincinta. Cikinta ya ɗan tasa, na ɗauka ciki ne. Ashe mugunya ce ta cika mahaifar, ciwon da likitocin dabbobi ke kira payometira.

Bayan lokacin barbara, sinadarin furojestaron, wanda jikin kyanwar ke fitarwa, yana sa bangon mahaifa ya yi kauri, ƙwayoyin cuta kuma, yawanci E. coli, su samu wurin zama. Don haka ku sa ido sosai daga mako 1 zuwa 4 bayan kukan ya lafa. Allurar hana ɗaukar ciki ma tana iya jawo ciwon, ni dai ba na son ta ko kaɗan.

Ku ɗaga wutsiya ku duba. In bakin mahaifa a buɗe yake, za ku ga ruwa mai wari, ruwan ɗorawa ko mai jini-jini. Sai dai kyanwa akwai tsafta, takan lashe kafin ku gani, don haka ku duba inda take kwana, ku lura ko lasar wurin ta yi yawa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne rufaffen, irin na tawa: babu abin da ke fita, sai kasala, amai, yawan shan ruwa da kumburin ciki. Mahaifar tana iya fashewa, guba ta shiga jini.

Kada ku kwana da ita a gida. Kada ku matsa cikin. Don Allah kada ku ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Likita zai ɗauki hoton ciki, ya gwada jini, ya yi mata ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan tiyata: a cire mahaifar da gidan ƙwai gaba ɗaya. Akwai allurar da ke sa mahaifa ta matso mugunyar, ga mai son kyanwarsa ta sake haihuwa, amma an fi yin ta in bakin a buɗe yake, kuma ciwon kan dawo.

Bayan tiyata ku sa mata kwalar roba a wuya kada ta lashi ɗinkin, ku hana ta tsalle, maganin kuma ta shanye shi duka. Ana warware zaren bayan kwana 10 zuwa 14. Tawa a rana ta biyu ta koma kan kwanonta.