Wa Ya Kashe Alhaji? Inda Masu Rubuta Labarin Binciken Kisa Suke Tuntuɓe

Tun da aka fara sakin littattafan Hausa babi-babi a waya, ƙannenmu na Jidda da Makka suka shiga sahu. Kwanan nan na lura wasunsu sun gaji da auren dole da rikicin kishiyoyi, sun koma ga gawa da mai neman wanda ya kashe ta. Abin ya yi mini daɗi, domin ni ma irin waɗannan littattafai ne suka hana ni barci ina yaro. Duk wanda ya yi makaranta a ƙasar nan ta Saudiyya zai tuna 'yan ƙananan littattafan Masar na yara biyar masu warware asiri a unguwar Ma'adi, waɗanda Mahmud Salim ya fara fitarwa a 1968. Daga nan muka wuce zuwa Agatha Christie da aka juya zuwa Larabci, muna musayar su a aji har bangonsu ya yage.

Yanzu matasa kan turo mini rubutunsu in duba, kuma kusan wuri ɗaya suke faɗuwa. Kafin in shiga ciki, a tuna abin da ke riƙe mai karatu har asuba. Kacici-kacici ne, yana tsere da mai binciken, yana son ya riga shi gano makashin. Sai kuma ɗayan daɗin: mai binciken yana shiga inda mu ba ma shiga, falon attajiri da ɗakin ɗan aikinsa, yana tambayar abin da kunya ta hana mu tambaya. Duk kuskuren da zan ambata, ɗaya daga cikin biyun nan yake kashewa.

Na farko shi ne aron jarumi da rigarsa. Wani yaro ya kawo mini labari da ya ce a unguwar Karantina ta Jidda ya faru, amma jaruminsa yana da ofis a hawa na bakwai, da sakatariya, da bindiga a aljihun tebur, da doguwar kwat. Kwat a Jidda, a watan Agusta! Wannan mutum ɗan Amurka ne. Dashiell Hammett, wanda ya fito da Sam Spade a 1930, shi kansa ya yi aiki a kamfanin bincike na Pinkerton, abin da ya gani ya rubuta. Raymond Chandler ya biyo da Philip Marlowe a 1939, yana yawo a titunan Los Angeles. Can sana'a ce da ake kafa wa allo a ƙofa. A nan kuwa kisa aikin shurɗa ne, wato 'yan sanda, da Niyaba mai gabatar da ƙara. Baƙon da ya shigo unguwar Shari' Mansur ta Makka yana tambayar wa ya fita wa ya shiga daren jiya, kafin ya kai lungu na biyu an rufe ƙofofi, kowa ya ɗauka mutumin jawazat ne, wato hukumar shige da fice.

Gyaran shi ne ka tambayi kanka: a unguwarmu wane ne zai yi tambaya ba a tsargu ba? Muna da su da yawa, kuma duk sun fi mai kwat. Ga mu'aƙƙib, mai bin takardun mutane ofis-ofis, wanda ya san iƙamar wa (takardar zama) ta mutu, wa ke rigima da kafilinsa (mai tsaya masa a hukuma), wa ya sayi fili da sunan wani. Ga dillaliya, mai shiga gida-gida da atamfa da turaren wuta, wadda ta san matar da ta sayar da gwal ɗinta a ɓoye. Ga direban gida, wanda ake magana a bayansa kamar kujera ce ke tuƙi. Wadda na fi so a rubuta, kuma har yau ban ga wanda ya taɓa ta ba, ita ce mai wankan gawa. An ce Hajiya ta rasu cikin barci, an samu takarda, ana gaggawar kai ta Harami a sallace ta bayan la'asar. Tsohuwa ɗaya ce ta ga shatin yatsu a wuyanta. Kuma an hore ta tun tana koyo cewa mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. To ta yi shiru ko ta yi magana? Kafin a fara binciken ma, labari ya riga ya kama wuta.

Waɗanda suka yi nasara a wannan yanki haka suka yi. Zoë Ferraris, Ba'amurkiyar da ta zauna a Jidda, a littafinta na 2008 ta ɗora binciken a kan wani mai ja-gora a sahara, mutum mai kiyaye addini, wanda ba shi da ikon shiga sashen mata, har sai da ya dogara da wata ma'aikaciyar ɗakin binciken gawa. Katangar da ke tsakanin maza da mata ita ta zama ƙashin bayan labarin. Jamal Mahjoub, wanda ya tashi a Khartoum, ya yi amfani da sunan Parker Bilal ya fito da Makana a 2012, tsohon jami'in 'yan sandan Sudan da ya gudu Alƙahira yana bincike don ya ci abinci. Baƙo ne, ƙafarsa ɗaya a waje, kowane babba na iya taka shi. Wannan hali ai mu ba sai an ba mu labarinsa ba.

Kada kuma a manta da dalilin da ya sa iyalin mamaci suka zo wurin jaruminka suka bar hukuma. Ko dai wanda ya ga abin ba shi da takarda, yana tsoron tarhil, wato a kore shi daga ƙasar, fiye da tsoron makashi, ko kuwa akwai abin kunyar da ake son a binne tare da gawa. In babu dalili, mai karatu zai yi ta cewa a ransa, me ya hana su buga waya?

Kuskure na biyu ya fi muni, domin cin amana ne. Marubuci ya ja ka babi arba'in, sai a na ƙarshe jarumi ya zaro wata wasiƙa da ya tsinta tun farko bai nuna maka ba. Ko makashin ya zama wani ɗan'uwa daga Kano da ba a taɓa ambatonsa ba. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na wannan fanni. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, dole mai bincike ya nuna duk alamar da ya gano, kuma ba a warware ƙulli da abin gaibu. Ta ƙarshen nan ce ta fi kama mu. Da ƙulli ya gagari marubucinmu, sai mamaci ya zo wa 'yarsa a mafarki ya faɗi suna, ko aljani ya hau wata ya tona. Ka bar mutanenka su yi mafarki, su je wurin malam, ai haka muke rayuwa. Amma mafarki ya tsaya a tayar da zargi, hujja ta fito daga abin da ido ya gani.

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. A Suratu Yusuf, aya ta 26 zuwa 28, mai shaida daga dangin matar cewa ya yi a dubi riga: in ta gaba ta yage, matar ce mai gaskiya, in ta baya ce, Annabi Yusuf ne mai gaskiya. Rigar tana gaban kowa, mutum ɗaya ne ya san tambayar da zai yi mata. Haka alama take. Ka ajiye ta a fili, ka kewaye ta da abin da zai ɗauke hankali. Ka ce an tarar da kofin gahawa biyu a ɗakin Alhaji, da dabino, da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a kashe, sannan ka sa mata su fashe da kuka. Mai karatu zai bi kofi na biyu yana neman baƙo, ya manta ya tambayi wa ke kashe mukayyif a Makka da rani. Christie ta fitar da wani littafi a 1926 da ya sa wasu suka ce ta yi maguɗi. Ba zan faɗi dabarar ba, kada in ɓata wa wanda bai karanta ba. Amma in ka koma ka sake karantawa, ba za ka kama ta da ƙarya ko ɗaya ba.

Ƙanin wannan kuskure shi ne dace. Labarin tuffa uku na Dare Dubu da Ɗaya ana lissafa shi cikin tsofaffin labaran kisa: an tsamo akwati daga kogin Dijla da gawar mace a ciki, Haruna Rashid ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo makashi ko shi ya mutu. Me Ja'afaru ya yi? Ya zauna a gida. Makashin da ƙafarsa ya zo ya amsa laifi. A zagaye na biyu kuma, yana bankwana da ƙaramar 'yarsa ya ji tuffa a aljihunta, asiri ya tonu. A hikaya wannan ya yi kyau, domin ƙaddara ake nunawa. Amma in jaruminka mai bincike ne, to ya yi binciken. Dace na iya jefa shi cikin wahala, kada ya fitar da shi.

Sai maganar kishiya. Na rantse, rubutu biyar a jere na karanta, duka kishiya ce ta zuba guba, kuma tun shafi na uku an ce tana da jajayen idanu da murmushin mugunta. Ka bar ta cikin waɗanda ake zargi, ai kowa ita zai fara kallo, wannan ma amfani ne. Ka ba mutum huɗu ko biyar dalili, kowannensu kuma ya yi ƙarya, amma ƙaryar ɗaya ce kawai ta shafi kisa. Direba ya ɓoye inda yake don yana kabu-kabu da motar maigida. Ɗa ya ɓoye don bashi ya ci. Amarya ta ɓoye don ta aika kuɗi gida ba da sanin miji ba. Aikin jarumi shi ne tsince waɗannan ɗaya bayan ɗaya. In kuma gado ne dalilin, ka tuna a shari'a makashi ba ya gadon wanda ya kashe, don haka mai wannan niyya dole ya sa mutuwar ta yi kama da ta Allah da Annabi.

Soyayya kuwa, a sa, amma da cokali. Na ga inda aka bar gawa a firij babi goma sha biyu ana zaɓen ankon biki.

Akwai kuma rashin sanin gawa. Conan Doyle likita ne, kuma daga malaminsa Joseph Bell na Edinburgh ya ɗauko idon Sherlock Holmes. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa gubarta ba ta kuskure. Kai ba sai ka zama likita ba, amma ka tambaya. Gawa takan fara sandarewa sa'o'i biyu zuwa shida bayan mutuwa, ta ƙame gaba ɗaya wajen sa'a goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zafi yana gaggauta duk wannan, sanyi yana jinkirta shi. Ka ga amsar mukayyif ɗin ɗazu: wanda ya kashe shi so yake gawa ta nuna kamar ta daɗe, a ɗauka mutuwar ta faru tun yana masallaci. Littattafan Turawa suna auna hucewar jiki don gane lokaci, amma a rufaffen ɗakin da zafinsa ya kai na jikin mutum, gawa ba ta hucewa.

Lokaci ma muna da namu agogon. Ba wanda zai ce maka ƙarfe takwas da kwata, cewa zai yi bayan isha'i, ko ana kiran magariba. Wanda ya ce a Harami ya yi salla, cikin dubban mutane wa zai ƙaryata shi, wa kuma zai gaskata shi? Tsakanin Jidda da Makka kimanin awa ɗaya ne a mota, ga shingen Shumaisi a hanya, ga jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018. Ka zauna da takarda ka lissafa ko mutum zai iya zuwa ya dawo. Kada kuma ka yi kamar babu kyamara a shaguna da tituna, babu waya a aljihun kowa, babu basma, wato zanen yatsa, a kwamfutar hukuma. 'Yan sanda ba wawaye ba ne. Abin da jaruminka ya fi su shi ne mutane suna yi masa magana da Hausa.

Yawancin waɗannan ramuka daga abu ɗaya suke fitowa: ana fara sakin babi marubuci bai san makashin ba. An sha ba da labarin yadda masu juya littafin Chandler na farko zuwa fim suka aika suna tambayarsa wa ya kashe wani direba a ciki, ya ce shi ma bai sani ba. Shi ya sha, domin daɗin alƙalaminsa ya rufe masa asiri. Kai ka fara da rubuta daren kisan a wata takarda daban, minti-minti, wa ke ina, me ya taɓa, me ya manta. Ka ɓoye ta. Daga ita za ka riƙa ɗebo alamu.

Wuri na ƙarshe da ake yin asara shi ne rufewa. A littafin Bature, da an nuna makashi an sa masa ankwa, shi ke nan. A ƙasar nan kuwa nan ne magana ta koma hannun waliyyan jini: ƙisasi, ko diyya, ko afuwa don Allah, ban da haƙƙin hukuma da ke nan daram. In ɗaya daga cikin magada ya yafe, ƙisasi ya faɗi. In akwai ƙaramin yaro a cikinsu, ana jira ya balaga a ji ta bakinsa. Ka ɗauka mai wankan gawar nan ta bi zare har ta gano ƙanin miji ne ya shaƙe Hajiya. Marigayiyar ta bar yaro ɗan shekara bakwai, kuma a gidan wannan baffan yake kwana, shi ke kai shi makaranta. Tsohuwa tana zaune da carbinta a tabarmar zaman makoki, yaron ya kawo mata ruwan zamzam, baffan na tsaye a ƙofa yana amsa gaisuwa. Wannan babin nake jira wani ya turo mini.