Kurakuran da ake yi wajen gane furen Laplan

A ƙasashen arewacin duniya, da an ga ɗan fure ruwan ɗorawa mai ƙyalli kamar an shafa masa man shanu, sai a ce ai Ranunculus lapponicus ne, wato furen Laplan, yankin da ke can ƙuryar arewacin Turai. Sau da yawa ba shi ba ne. Danginsa sun kai ɗaruruwa, kuma kusan duk haka suke sheƙi.

Babban kuskuren shi ne kallon fuskar furen. Ganyayyakin furen ba su da adadi tsayayye, wani biyar, wani har takwas. Ka juya shi ka leƙa bayansa. Ƙananan ganyayen da ke tallafe da furen uku ne kacal, alhali yawancin 'yan uwansa biyar gare su. Wannan ƙirgen yana taimakawa ƙwarai wajen raba gardama. Sannan ka sunsuna, domin yana da ƙamshi mai daɗi. Fure ɗaya tal yake fitarwa a kan siririn kara.

Wasu kuma a makiyaya suke nemansa, su wuni suna yawo a banza. Shi ɗan dausayi ne. Yana son inuwar daji mai sanyi, inda gansakuka ta jiƙe sharkaf, jijiyarsa na rarrafe a cikinta kamar zare. Ba banza ba sunan danginsa da Latin, Ranunculus, yake nufin ƙaramin kwaɗo. Ana samunsa a arewacin Suwidin da Finlan, da Rasha, Alaska da Kanada, har ya gangaro jihohin Minesota da Men a Amurka. Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin wanda ya zaga Laplan a 1732, shi ya raɗa masa suna a 1753. Furensa a watan Yuni da Yuli yake buɗewa.

In babu fure, nan ake shan wahala. Ganyensa mai rabe uku yana kama da na wani tsiro da ake kira Coptis trifolia, har ma masana da yawa yanzu Coptidium lapponicum suke kiransa. Amma furen Coptis fari ne, jijiyarsa kuma ruwan zinariya.

Kada ka tauna shi don gwaji, ko ka murza shi a hannu. Ruwan danginsa yana ƙona baki, yana tayar da bororo a fata. Tuge shi a kai gida ma ɓarna ce kawai, ba ya jure zafi da busasshiyar ƙasa. Ka durƙusa, ka ɗauki hoton bayan furen da ganyen, ka bar shi a gansakukarsa.