Yadda Ake Riƙe Tsohuwar Mota Mai Inji Mai Bugu Biyu, Daga Saye Zuwa Ajiya

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon babur ɗin Vespa, ko ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ya riga ya yi rabin karatun wannan mota, domin injinsu duk jinsi ɗaya ne. Ana ce masa mai bugu biyu ne saboda hawan fistin sau ɗaya da saukarsa sau ɗaya sun isa su jawo mai, su matse shi, su ƙone shi, su kuma fitar da hayaƙi, aikin da injin motocin yau yake yi a bugu huɗu. Ba shi da bawul irin na sauran motoci, kuma ba shi da kaskon baƙin mai a ƙarƙashinsa da za a riƙa juyewa ana sake wani. Baƙin mansa yana tafiya ne a cikin fetur: ya ratsa ɗakin karanshaf, ya jiƙa boris da bangon silinda, sannan ya ƙone ya fita ta salansa a matsayin shuɗin hayaƙi. Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da fetur ya daina shiga injin, baƙin mai ma ya daina shiga, kuma kusan dukkan ƙa'idojin riƙon wannan mota daga nan suka samo asali.

Motoci masu irin wannan inji sun yi zamaninsu a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanin DKW na Jamus ya yi ta ƙera su har zuwa 1966, Saab na ƙasar Suwidin kuwa da irinsu ya fara, kuma da Saab 96 mai silinda uku Erik Carlsson ya lashe tseren Monte Carlo a 1962 da 1963. A Jamus ta Gabas ne suka fi daɗewa. An ƙera Wartburg 353 a garin Eisenach daga 1966 zuwa 1988, sai kuma Trabant 601 da aka ƙera a Zwickau daga 1964 zuwa 1990, wadda a wancan zamanin iyali kan jira fiye da shekara goma kafin layi ya zo kansu. Da Trabant zan fi kafa misali, domin an ƙera ta fiye da miliyan biyu da rabi, ita ce ta fi sauƙin samu a yau, kuma kayan gyaranta ba su yanke ba.

Idan an je saye, kada ƙyallin jikin Trabant ya ruɗi mutum. Fatar jikinta ba ƙarfe ba ce, wani haɗi ne na ragowar auduga da ƙaron masana'anta da ake kira Duroplast, wanda ba ya tsatsa ko ya shekara arba'in a waje. Amma ƙashin da aka liƙa wannan fata a kansa ƙarfe ne, kuma a ɓoye yake ruɓewa. Saboda haka a ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba daɓen motar, a sunkuya a taɓa dokin ƙofa ta ƙasa da sukudireba, a leƙa kwarin tayoyi, sannan a duba ƙarfen gaba da ke riƙe da inji. A ganina mota mai mataccen inji da lafiyayyen ƙashi ta fi wadda ke tashi da bugu ɗaya amma ƙasanta ya zama rariya, domin mutum biyu za su iya ciro injin Trabant da hannu a gyara shi a kan teburi, walda kuwa sai an ɓamɓare fatar tukuna, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. A roƙi mai sayarwa kada ya tayar da ita kafin a iso, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, sannan a saurara. Ƙarar nan mai tsalle-tsalle da injin ke yi idan yana tsaye ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba ce. Abin tsoro shi ne gurnani mai kauri daga ƙasa wanda ke ƙaruwa idan aka taka totur, domin alama ce ta boris ɗin karanshaf sun ci, kuma shi karanshaf ɗin matse shi aka yi da na'ura, ba a kwance shi a gida.

Shan mai shi ne babban darasi, kuma a nan ya kamata a natsu. Tankin Trabant yana ƙarƙashin bonet ne, a saman inji, yana ɗaukar lita 26, kuma babu famfon da ke tura fetur. Nauyinsa kawai ke gangarar da shi zuwa kafireta. A gidan mai za ka buɗe bonet, ka cire murfin tanki, ka tsoma sandar awon da ke da zane-zanen lita, ka ga inda ta jiƙe, domin galibinsu ba su da agogon mai a gaban direba. Da wannan za ka san lita nawa za ka saya, da ita kuma za ka lissafa baƙin man da za ka zuba. Injinan da aka ƙera daga 1974 suna son kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 400 a lita 20. Waɗanda suka girme su suna son 1 cikin 33, wato kimanin mililita 600 a lita 20. Baƙin man ake fara zubawa, sannan a sako fetur a kansa da ƙarfi don su gauraya. Ya kamata kwalbar awo mai zane ta zauna a motar dindindin tare da gorar man, domin awo da ido shi ne hanyar da aka fi kashe waɗannan injina da ita.

Akwai masu cewa gara a ƙara baƙin mai fiye da ƙa'ida don a kwantar da hankali. Ban yarda da wannan ba. Idan ya yi kaɗan fistin zai kama, wannan gaskiya ne, amma idan ya yi yawa zai dasƙare a kan fulogi, ya liƙe ringi a cikin raminsu, ya toshe salansa da baƙin gawayi har motar ta rasa ƙarfi. A nemi man da aka rubuta wa 2T, wato na inji mai bugu biyu, wanda aka yi don injin da iska ke sanyayawa. Man injin kwale-kwale, duk da shi ma na bugu biyu ne, an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace da zafin Trabant ba, baƙin man motar yau kuwa ba a yi shi don a ƙone shi ba sam. A Turai, inda ake sayar da fetur mai gaurayen sinadarin etanol, wanda aka rubuta wa E5, mai ƙarancin etanol, ya fi E10 sauƙi ga tsofaffin robobi da tiyo.

Kafin a murɗa makulli sai an buɗe famfon fetur, wato abin buɗewa da rufe hanyar mai, da ke ƙasan dashbod. Matsayi uku gare shi: buɗe, rufe, da ajiya, wadda ke sakin 'yan litocin ƙarshe na tanki. Idan motar ta fara shaƙewa a kan hanya, juya shi zuwa ajiya ake yi a nufi gidan mai mafi kusa, kuma da zarar an sha mai a mayar da shi kan buɗe, in ba haka ba ranar da ya ƙare ya ƙare ke nan. Duk lokacin da aka ajiye motar a rufe shi, domin idan allurar kafireta ta ɗan saki, fetur zai tsiyaye cikin inji ya cika shi. Da safe a ja coke, wato madannin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, a tayar, a mayar da shi da zarar injin ya iya tsayawa da kansa, sannan a kama hanya a hankali. Barin wannan inji ya daɗe yana aiki a tsaye ba ya ɗumama shi da kyau, jiƙa fulogi kawai yake yi. Sandar giya kuwa a gefen sitiyari take. A tura ta ciki a yi ƙasa, giya ta ɗaya ke nan, a yi sama ta biyu. A jawo ta waje a yi ƙasa ta uku, a yi sama ta huɗu. Ribas kuma sai an danna ta can ciki sosai a yi ƙasa.

Wanda ya saba da motar zamani yana da ɗabi'a guda da dole ya bari, ita ce riƙe mota da giya a gangara. A mota mai bugu huɗu wannan dabara ce mai kyau. A nan kuwa, idan ka ɗage ƙafa daga totur kana gangarowa cikin giya, tayoyi za su ci gaba da juya injin da sauri alhali ƙofar mai a rufe take, fistin yana ta kai da komo a kan busasshen bango. Don haka ne injiniyoyi suka sa wa waɗannan motoci wata na'ura da ke raba inji da tayoyi da zarar an saki totur, motar ta ci gaba da gudu kamar keken da aka daina tuƙa fedarsa, injin kuma ya koma aikinsa na tsaye. A Wartburg da Saab akwai madannin da ake kulle wannan na'ura ko a sake ta, kuma a sake ya kamata ta zauna a tuƙin yau da kullum. A Trabant 601 giya ta huɗu kaɗai ke da ita, saboda haka idan gangara ta kama ka a ta biyu ko ta uku, ka riƙa taka kuloci kana ɗan ba ta wuta lokaci-lokaci don mai ya shiga. Sakamakon wannan tsari shi ne duk nauyin tsayawa yana kan birki, birkin Trabant kuma na ganga ne a dukkan ƙafafu huɗu, mai saurin zafi. A bar tazara mai yawa, a rage gudu tun kafin a shiga gangara, kuma a taka birki a saki, kada a kwanta a kansa.

Injin Trabant na cc 594 ne, mai silinda biyu da ƙarfin doki 26, yana jan mota mai nauyin kilo ɗari shida da 'yan kai. Yana son a bar shi ya yi kuka kafin a sauya giya, kuma jan sa a babbar giya da ƙaramin gudu ya fi cutar da shi. Tana iya kai wa kilomita 100 a awa, amma tsakanin 80 da 85 ne wurin zamanta a doguwar tafiya. Idan ana cikin gudu aka ji ƙarfi ya ragu farat ɗaya tare da wani ƙara mai kama da gogar ƙarfe, fistin ne ke shirin kamawa. A taka kuloci nan take tun kafin a yi tunanin komai, a gangara gefen hanya, a bar injin ya huce.

Jar fitilar caji da ke gaban direba tana da ma'ana biyu a Trabant. Bel ɗaya ne ke juya dainamo da fankar da ke hura wa silinda iska, saboda haka idan fitilar ta kama ana tafiya, wataƙila bel ɗin ne ya tsinke, kuma 'yan mintuna kaɗan sun isa injin ya ƙone. A tsaya a duba, kuma kada a fita ba tare da wani bel a but ba. Wartburg da Saab da DKW ruwa ke sanyaya su, don haka nasu kulawar tana kan lagireto da tiyo. Wasu DKW da Saab suna da tankin baƙin mai daban da famfon da ke auna shi da kansa. Na DKW, mai suna Lubrimat, ya jawo wa kamfanin asara a tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963, lokacin da mai ya yi kauri ya kasa wucewa, injina da yawa suka lalace, shi ya sa mai irin wannan mota ya kamata ya tabbatar famfon yana aiki kafin ya dogara da shi.

Fulogi shi ne madubin wannan inji. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance shi a duba bakinsa: idan ya yi ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, komai daidai ne, idan baƙi ne mai danshi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, idan kuwa ya yi fari fat, iska ta fi fetur yawa, injin yana zafi fiye da kima, kuma wannan ne mafi haɗari, domin sau da yawa yana nufin iska na satar shiga ta wani sili ko gasket da ya mutu. Tazarar bakin fulogin Trabant milimita 0.6 ce. Kowace silinda tana da nata kwayil, kuma a tsofaffin da ba su da wutar lantaroni kowace tana da nata kwantak, wanda ake saita tazararsa a milimita 0.4. A lura kuma cewa waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1983 batirinsu mai bolt 6 ne, na baya kuma 12, kada a sayi ƙwan fitila ko kwayil ba a tantance ba. Akwatin giya shi kaɗai ne ke da man da ake juyewa. Salansa ma tana bukatar ido, domin daga zafinta ake ɗumama iskar da ke shiga ɗakin fasinja, kuma idan ta tsage hayaƙi mai guba zai biyo wannan hanya.

A Jamus, motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan a kan asalinta tana iya samun lambar tarihi mai harafin H a ƙarshe, wadda ke ba ta damar shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi, sai dai binciken lafiyar mota na duk shekara biyu yana nan a kanta. Wanda ke son ganin yadda Trabant ta fito daga masana'anta kafin ya fara gyara tasa, gidan tarihin motoci na August Horch da ke Zwickau yana da su.

Zama ya fi tafiya lalata wannan inji, domin boris ɗin karanshaf ba su nutse cikin mai ba, ɗan abin da ya shafe su ne kawai ke kare su daga tsatsa. Idan za a ajiye motar na watanni, a fara yin tafiya mai nisa har injin ya yi zafi sosai, a dawo a rufe famfon fetur a bar ta tana aiki har kafireta ta ƙafe, don kada fetur ya bushe ya bar danƙo a cikinta. Daga nan a kwance fulogi, a ɗiga ɗan man 2T a kowace silinda, a juya injin da hannu sau da yawa, a mayar da fulogin, a toshe bakin salansa da tsumma mai mai, a cire kan batir. Ranar da za a sake fito da ita, a cire tsumman, a girgiza motar sosai don man da ya kwanta a tanki ya sake gauraya, idan kuma fetur ɗin ya haura rabin shekara a juye shi a haɗa sabo.