Ƙugiyar hawa a wasannin almara: kurakuran da ke jefa ɗan wasa rami

Ranar da gem ya damƙa maka ƙugiya mai igiya, duniyar wasan takan buɗe. Ganuwar da ta hana ka wucewa, da kwazazzabon da kake ta zagayawa, da akwatin dukiyar da kake hangowa a kan hasumiya, duk sun zama abin kaiwa. Sai dai kuma daga ranar ne mutane da yawa suke fara mutuwa irin wadda ba su saba yi ba. Abin yana damuna, domin ƙugiya tana cikin kayan da suka fi daɗin riƙewa a waɗannan wasanni, kuma nakan ga masu wasa sun yi fushi sun jingine ta alhali ba su fahimci halinta ba ne kawai.

Babban kuskuren, wanda kusan sauran duka daga gare shi suka fito, shi ne mutum ya zuba ido a inda ƙugiyar za ta kama, ya manta da inda ƙafarsa za ta sauka. Ya hango ƙarfe yana ƙyalli a saman gini, ya harba, sarƙa ta fizge shi sama, sai ya tarar babu ko tudun da zai tsaya a kai, ko kuma akwai maharba uku suna jiran sa. Gyaran ba shi da wuya amma yana son haƙuri: kafin ka danna, ka juya kyamara, ka duba ƙarƙashin wurin da za ka kama, ka tambayi kanka idan na isa sai me. In babu amsa, kada ka harba tukuna. A Twilight Princess na jerin The Legend of Zelda, wanda ya fito a 2006, sai da aka ba Link, jarumin wasan, ƙugiya ta biyu kafin ya iya tsallakawa daga makama zuwa makama ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Wanda yake da guda ɗaya kuma ya yi lissafi kamar mai biyu, faɗuwa ce kawai a gabansa.

Sai kuma rashin sanin abin da ƙugiyar take kamawa. Kowane wasa da dokarsa. A Ocarina of Time na 1998, ƙugiyar Link tana cafkar itace, da akwatin dukiya, da alamomin da aka manna domin ta, amma in ta bugi dutse sai ta yi ƙara ta dawo. A Terraria tana kama tubalan da ake takawa, ba ta kama bangon baya wanda yake kamar zane ne kawai, kuma sababbin 'yan wasa da yawa a nan suke hallaka: suna faɗowa cikin kogo, su harba wa bangon baya, ƙugiya ta wuce fayau. A Sekiro na 2019 kuwa ba ka da zaɓi sosai, akwai wuraren da aka ware, alamarsu takan koma koriya idan ka shigo tazarar da za ta kai. Don haka da ka samu ƙugiya, ka nemi wurin da babu abokan gaba, ka harbi itace, ka harbi dutse, ka harbi rufi, ka matsa baya kaɗan-kaɗan har ka ga inda sarƙa take ƙarewa. Tsawon nan ya zauna maka a ido. Idan daga baya aka ba ka doguwa, kamar Longshot da ta ninka ta farko tsawo, sai ka sake awon daga farko.

Lilo shi ne inda na fi son in daɗe, domin a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ƙugiya iri biyu ce: akwai mai fizgar ka kai tsaye zuwa inda ta kama, akwai kuma wadda take barin ka a rataye ka yi lilo, irin ta The Wind Waker, wani wasan Zelda. A ta biyun, mutane sukan saki igiya a ɗaya daga wurare biyu marasa kyau. Wasu tsoro ke sa su saki da wuri, tun suna gangarowa, sai gudun ya tura su ƙasa. Wasu kuma sukan jira sai sun kai ƙololuwa, suna ganin nan ne mafi kusa da tsallake, alhali a ƙololuwa gudun lilo ya mutu gaba ɗaya, in ka saki a nan sai ka zubo kamar dutse. Gudu ya fi ƙarfi a can ƙasan lilon, saboda haka lokacin saki shi ne bayan ka wuce ƙasan, jikinka ya fara hawa, gudun kuma bai ƙare ba. Ka kula da igiyar: idan ta karkata gaba sosai amma kana jin har yanzu ana tafiya da kai, to lokaci ya yi. Kuma ba dole ba ne ka saki a zuwan farko. Ka je ka dawo sau biyu ko uku, lilon ya yi faɗi. Idan ka ga ba ka fuskanci inda za ka sauka ba, a wasanni da dama ana iya tsayar da lilon cak, a juya, a sauka ƙasa kaɗan a jikin igiya don ta ƙara tsawo, sannan a sake farawa. Doguwar igiya tana kai mutum nesa, gajeriya kuwa saurin kai-komo kawai take da shi.

Akwai masu ɗaukar ƙugiya abin hawa kaɗai, su manta da ita da zarar faɗa ya kaure. Wannan asara ce. A Zelda tana sandarar da wasu abokan gaba na ɗan lokaci, tana kuma jawo kayan da suka faɗi nesa. A The Wind Waker ana fizge kaya daga jikin dodo da ƙugiyar lilo, kuma idan Link ya sa takalman ƙarfe ya yi nauyi, ɗaya ƙugiyar wasan, mai fizga, maimakon ta ja shi, sai ta jawo abin da ta kama. A Terraria kama tubali kafin ka bugi ƙasa yana kare ka daga raunin faɗuwa, shi ya sa ya kamata yatsanka ya saba da madannin E, na harba ƙugiya a kwamfuta, har ya riƙa zuwa da kansa.

Kishiyar waɗannan su ne masu almubazzaranci. A Monster Hunter Rise na 2021, ƙwarin nan masu zare da ake lilo da su guda biyu ne a hannunka, kuma sai sun ɗan huta kafin su dawo. Wanda ya ƙone duka biyun wajen kai hari, da dodo ya maka shi da ƙasa ba shi da abin zillewa kafin duka na biyu. Ka bar ɗaya a ajiye. Haka a Iceborne na jerin Monster Hunter, maƙalewa a jikin dodo tana cin ƙarfinka, kuma in ya fusata ba zai yarda ka tura shi ya yi karo da bango ba. Jira ya huce.

A wasan tebur irin Dungeons & Dragons, inda ɗan lido ke yanke hukunci, kurakuran sukan koma na lissafi. A dokokin 2014 ƙugiya zinari 2 ce, nauyinta laba 4, kuma ba ta zuwa da igiya. Igiyar ƙafa 50 daban ake saye, ta yau da kullum laba 10, ta siliki laba 5 amma zinari 10. Ƙungiya takan isa gindin ganuwa da ƙugiya a jaka babu abin ɗaura mata. Sannan hawa yana cin ninki biyu na tafiya: mai tafiyar ƙafa 30 a zagaye ɗaya, ƙafa 15 kawai zai hau, ko 30 in ya sadaukar da aikinsa na zagayen. Duk wannan lokaci hannuwansa biyu suna kan igiya, babu takobi babu garkuwa. Igiyar kuwa makin lafiyarta 2 ne rak, wuƙa ɗaya daga sama ta gama da ita. Raunin faɗuwa da ɗan lido mai fuska shida ake auna shi, guda ɗaya a kowace ƙafa 10, har zuwa guda 20. Daga ƙafa 60 ke nan guda 6 za a jefa, abin da yakan kama kusan 21, wanda ya fi ƙarfin yawancin jarumai a matakin farko. Saboda haka a tura mafi sauƙin jiki ya fara hawa, ya kwance ƙugiyar ya ɗaure igiyar da kyau a jikin abu mai ƙarfi, wani kuma ya tsaya a ƙasa da kwari da baka yana tsaron saman. Kada a manta ƙarfe yana ƙara idan ya bugi dutse da tsakar dare, a naɗe haƙoran da tsumma.

Mai jan ragamar wasan ma yana da nasa kuskuren, musamman idan shi ya ƙirƙiro 'yar na'urar harba ƙugiya ta riƙewa a hannu. Yakan ba da ita babu iyaka saboda son faranta wa 'yan wasa. Ka duba: sihirin Misty Step na mataki na biyu ne, ƙafa 30 kawai yake kai mutum, kuma yana cinye wa mai shi gurbin sihiri, wato ɗaya daga cikin 'yan damar yin sihiri da yake da su. Idan na'urarka tana fizgar mutum ƙafa 60 a kowane zagaye kyauta, ka kashe wa mai sihiri kasuwa, ka kuma mayar da gwanin hawa ɗan kallo. Tun kafin ka miƙa ta, ka rubuta tsawon igiyarta, da nauyin da take ɗauka, da abin da take kamawa, da lokacin da ake ɗauka kafin a sake naɗe ta. Dokokin 2024 sun ba da ma'auni mai kyau: ana jifa zuwa ƙafa 50, kuma sai sakamakon gwajin da ake yi da ɗan lido ya kai 13 kafin ta kama. Ka fara daga nan, in ya so na'urar ta rage wahalar gwajin ko ta ƙara ɗan tsawo. Idan kuma jifa bai kai ba, kada kullum hukuncin ya zama faɗuwa. Wani lokaci ƙugiyar ta kama tubali mai girgiɗi, wani lokaci ta maƙale ta ƙi fita, wani lokaci mai gadi ya ji ƙara ya leƙo da fitila.